Littafin Bashi Ta Baya

Littafin bashi ne tun asali,
mai baƙin bango, na saye shi a bakin Singa wata Talata.
Ta gaba sunayen mutane ne:
Ɗanliti, katan uku na taliya, bai biya ba.
Hajiya Ta-Annabi, buhun sukari, saura rabi.
Tasi'u ya ce Juma'a,
bai dai faɗi wacce ba.

Wata asuba, na dawo daga masallaci,
kaina kamar mahaɗar Bata da yamma,
kowane tunani na danna hon,
babu mai kauce wa wani.
Sai na kife littafin, na buɗe shi ta baya,
ta dama, yadda muke buɗe littafi a Islamiyya,
na rubuta: Ina jin haushin Yaya Sabo.

Na daɗe ina kallon layin,
kamar wanda ya hangi fuskarsa a gilashin motar wani.
Wata uku ina zargin hawan jini,
ina zargin farashin dala, ina zargin masu wuta,
ashe magana ɗaya ce,
wadda ya yaɓa mini ranar rabon gidan Baba,
ta tsaya a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Tun daga ranar nake zama.
Ba kullum ba, kada in yi ƙarya:
daren da Zulai ta kwana da zazzaɓi, gari ya waye ban taɓa biro ba,
da azumi ma na yi fashin kwana goma.
Amma yawanci,
kafin adaidaita ta farko ta keta layinmu na Gwammaja,
kafin Hansatu ta ɗora ruwan koko,
ina kan darduma, waya can a kife kan taga,
ni da takarda muna gaisawa.

Wata rana shafi biyu, wata rana layi ɗaya.
Jiya an yi ruwa, ƙasa ta yi ƙamshi.
Na yi wa yaron shago tsawa, ni ne na ɓata lissafin.
Ina tsoron kuɗin haya.
Zulai ta iya rubuta sunanta, harafin farko yana kallon baya.

Shi tsoro, in ya hau takarda, tsawonsa raguwa yake yi.
Dodon da ya cika ɗaki da tsakar dare,
da ka kunna fitila,
sai ka ga rigarka ce rataye a ƙusa.
Ba wai hayar ta biya kanta ba ne,
mai shago yana nan, watan Rajab yana tafe,
sai dai yanzu na san abin da nake ɗauke da shi,
kuma kayan da ka ƙirga ya fi daɗin ɗauka.

Inna takan ce ruwan da aka ɗebo da laka
ba a dama shi, ajiye shi ake yi.
Minti goma ɗin nan su ne randata.

Ran nan Hansatu ta leƙo, ludayi a hannu:
"Wai wa kake bi bashi ne haka da sassafe?"
Na ce, "Kaina."
Ta ce, "To, yana biya?"
Na ce, "Kaɗan-kaɗan. Ya dai fi Tasi'u."

Yanzu rubutun gaba da na baya suna matso juna,
shafi arba'in ya rage a tsakani, farare,
ban san wanda zai riga isa tsakiya ba,
bashin mutane ko nawa.

Juma'ar da ta wuce na hau mota zuwa Rijiyar Lemo.
Na tarar da Yaya Sabo yana gyaran famfo.
Na riƙe masa sifana, muka ci dambu a kwano ɗaya,
babu wanda ya ɗauko zancen gida.

Da asuba na koma layin farko
zan soke shi, yadda nake yi wa wanda ya biya.
Biro ya tsaya a sama.
Sai na rubuta a gefensa, ƙanana:
saura rabi.